Yadda Ake Kwatanta Yawan Ciwon Daji Tsakanin Gundumomin Jihar Kentucky

Idan kana son gane yadda ciwon daji ya bambanta tsakanin gundumomi 120 na jihar Kentucky a Amurka, ka buɗe State Cancer Profiles, wato shafin intanet mai nuna alƙaluman ciwon daji na Amurka, ka zaɓi jihar da nau'in cutar. Kada ka tsaya kan adadin marasa lafiya kawai. Ka duba yawan sababbin masu kamuwa cikin kowane mutum 100,000, wanda aka daidaita da shekarun mazauna, domin cutar ta fi bayyana a gundumar da tsofaffi suka fi yawa. Za ka tarar sankarar huhu ta fi tsanani a gundumomin gabas masu tsaunuka, inda shan taba ya yi katutu. Gundumar da masu cutar ba su kai 16 ba kuwa, ba a nuna alƙalumanta.