Yadda Ake Bibiyar Numfashi Irin na Mabiya Buddha

A harshen Pali, tsohon harshen littattafan addinin Buddha, ana kiran wannan hanya anapanasati, wato lura da shigar numfashi da fitarsa. A kwasa-kwasan Vipassana (wata hanyar horar da zuciya ta mabiya Buddha) na kwana 10 da wani malami mai suna S. N. Goenka ya yaɗa daga Indiya, kwana ukun farko a kanta kaɗai ake ƙarewa.

1. Samu wuri mara hayaniya, ka zauna ka harɗe ƙafafu, bayanka a miƙe. In gwiwa na damunka, kujera ma ta wadatar.

2. Rufe ido, ka kai hankalinka ƙofar hanci, inda iska ke shafar fata. Kada ka ja numfashi da ƙarfi. Bar shi yadda ya zo, dogo ko gajere.

3. Tunani zai ɗauke ka, ko shakka babu: bashi, rigimar jiya, cefanen gobe. Aikin ma a nan yake. Da ka farga, kada ka tsangwami kanka, komo kan numfashin kawai, ko sau ɗari ne. Buddha ya koyar da cewa kwaɗayi ne tushen wahala, saboda haka ko natsuwa ta sauko maka, kada ka ƙanƙame ta.

4. Fara da minti 10 kullum, da safe ya fi sauƙi.