Kurakuran da ke sa wasa sarƙewa yayin ɗaukar hoton allo

Wasan kwamfuta da ke gudu firem 60 a daƙiƙa (wato hotuna 60 a jere a kan allo) milisakan 16.7 kacal yake da shi ga kowane firem. Hoton allo ɗaya mai girman 1920×1080, bait huɗu ga kowane fiksel (ɗigon hoto), ya kusa megabait 8.3. Wannan lissafi ne ke sa da yawa su ɗora laifin a kan girman hoton. A ganina jira ne ya fi cinye lokaci.

Ga yadda abin yake. GPU, na'urar da ke zana hoto, kan biyo bayan CPU, babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, da firem ɗaya ko biyu, yana aiwatar da umarnin da aka jera masa. Da ka kira umarnin kwaso hoto kai tsaye, wato glReadPixels na OpenGL (tsarin zana hoto a GPU) ko ReadPixels na Unity (manhajar ƙera wasanni), sai CPU ya tsaya cak har GPU ya gama duk aikin da ke gabansa. Daga nan shi ma GPU ya yi zugum, babu sabon umarni. Maganin shi ne ka nemi hoton yanzu, ka karɓa daga baya. A OpenGL ka tanadi PBO, wato ma'ajin fiksel, biyu ko uku, ana zuba hoto a ɗaya kana kwashe na ɗayan (tun sigar 2.1 ta 2006 suke cikin tsarin). A Direct3D 11, takwaran OpenGL a Windows, ka kira CopyResource ya kwafi hoton zuwa ma'aji, ka jinkirta Map, wato buɗe ma'ajin, da firem biyu. Unity ma na da AsyncGPUReadback tun 2018. Amma fa kar ka yi gaggawar buɗe ma'ajin a firem ɗin da ka cika shi, jiran da ka gudu ne zai dawo maka.

Wani kuskuren da ke damuna shi ne matse hoto zuwa fayil ɗin PNG a kan babban layin aikin wasan. PNG na da nauyi. Miƙa shi ga wani layin, haka rubutawa a faifai.

Ka kuma duba jerin launi. Idan allo na ajiye BGRA (shuɗi ne farko) ka nemi RGB (ja ne farko), sai an sauya kowane fiksel kafin ya iso gare ka. Ma'aji kuma a keɓe shi sau ɗaya a riƙa maimaitawa.

Idan bidiyo kake ɗauka, ɗanyen hoto zai kai kusan megabait 500 a daƙiƙa. Bar shi a GPU, NVENC (mai matse bidiyo a GPU na Nvidia) ko makamancinsa ya matse shi can, ƙaramin sakamakon ne kawai zai sauko. A Windows kuwa, in daga wajen wasan kake ɗauka, ka bar tsofaffin hanyoyin kwafar allo, GetPixel da BitBlt, ka koma Desktop Duplication da ya zo da Windows 8.