Kurakuran da muka fi yi a addu'a a nan Legas, da yadda za a gyara su

Yawancinmu Katolika masu jin Hausa da ke zaune a Legas mun taso ne a wuraren da ƙararrawar coci take tsara yini, ko a yankin Kafanchan da Zonkwa, ko Shendam da Pankshin, ko Yola, ko ƙauyukan Kano da Katsina. A can katikis, wato malamin da yake koyar da addini a coci, shi ne yake kira, mutane su taru su yi addu'ar safe kafin a tafi gona, da dare kuma uwa ta tara 'ya'yanta a tsakar gida a ja rosari, wato carbin addu'a na Katolika. Babu wanda ya taɓa tambayar kansa yaushe zai yi addu'a, domin jama'a ce take ɗauke da shi. A unguwannin Legas kamar Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko barikin Ojo kuwa, babu mai buga wa mutum ƙararrawa, kuma nauyin da gari guda yake ɗauka ya koma kan mutum ɗaya da ya fita tun ƙarfe 5 na asuba bai dawo ba sai 9 na dare. Yawancin kurakuran da na gani a wurin 'yan'uwa, da waɗanda ni ma na yi shekara da shekaru, daga nan suka samo tushe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jiran lokaci. Mutum zai ce idan ya samu sarari zai zauna ya yi addu'a yadda ya kamata, alhali Legas ba ta ba kowa sarari, sai wanda ya ƙwata. Gyaransa shi ne a ɗaure addu'a a jikin abin da dole ne ya faru kowace rana, yadda ba za a buƙaci sabon shiri ba. Ikilisiya ta daɗe da tanadar mana addu'ar Mala'ikan Ubangiji, wadda ake yi da ƙarfe 6 na safe, da 12 na rana, da 6 na yamma, kuma ba ta cin minti uku. Mai gadi yana iya yin ta a bakin ƙofa, mai sayar da albasa yana iya yin ta a rumfarsa. Wanda yake zaune a cikin danfo ko BRT, cunkoso ya tsayar da shi a kan gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, yana da lokacin da zai ishe shi ya gama rosari ɗaya ba tare da ya ɗaga murya ba. A nan ina ganin akwai abin koyi a wurin maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda ba sa jiran kasuwa ta tashi kafin su yi alwala. Ni dai kiran sallar asuba daga masallacin unguwarmu ne ya zame mini ƙararrawar da na baro a gida.

Sai dai wanda ya gane wannan yakan faɗa wani ramin, wato ɗaukar alkawarin da ya fi ƙarfinsa. Ya dawo daga taron farkawa zuciyarsa na tafasa, ya ce daga yau kullum zai yi asirai 20 na rosari gaba ɗaya, wato abubuwan da suka faru a rayuwar Yesu da Maryamu da ake tunani a kansu yayin jan sa, tun da Paparoma Yohana Bulus na biyu ya ƙara asiran haske guda biyar a shekarar 2002, ga kuma Misa kowace safiya da azumi duk Juma'a. Kafin mako biyu ya gaji, kunya ta kama shi, ya bar komai har da alamar gicciye kafin cin abinci. Gara "A gaishe ki Maryamu" goma a kowace rana har shekara ta zagayo, da ɗari biyu na kwana biyar. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma gudu. Wanda ya taɓa tsayawa a bayan coci ya saurari yadda muke jan rosari kafin Misa zai ji kamar ana tsere, ɓangare ɗaya bai rufe baki ba ɗayan ya riga ya karɓa. Yesu ya yi gargaɗi a Matiyu 6:7 a kan yawan maimaita magana a banza da tsammanin yawanta ne zai sa a ji mutum. Ba maimaitawar kanta ce laifi ba, domin shi ma a Getsamani ya maimaita roƙo ɗaya sau uku. Laifin shi ne baki ya yi gaba zuciya tana kasuwar Oshodi. Abin da ya taimake ni shi ne in tsaya kaɗan a farkon kowane asiri in tuna abin da ya faru a cikinsa, sannan in ambaci mutum ɗaya da nake yi domin sa. Idan tunani ya tafi wurin kuɗin haya, ba a bin sa da faɗa, domin faɗan ma wani shagala ne. A dawo da shi a hankali, ko kuma a mai da kuɗin hayar abin addu'a, tun da shi ne ya cika zuciyar.

Wanda ya fi waɗannan zurfi, kuma ya fi cin mutanenmu a wannan gari, shi ne mai da addu'a ciniki. Dalilin a fili yake. Mutum ya baro gida ne don neman abinci, iyaye suna jiran saƙo a ƙarshen wata, ga kuɗin makaranta, ga mai gida yana maganar ƙarin haya, ga kuma allunan talla a kowane lungu suna alkawarin buɗi cikin kwana bakwai. A irin wannan yanayi addu'a takan koma lissafi: na yi nobena ta kwana tara, na ba da baiko a coci, saura Allah ya biya. Idan biyan bai zo ba sai a ce ko addu'ar Katolika ba ta da zafi, a fara yawo daga wannan taron kwana ana addu'a zuwa wancan, daga wannan mai annabci zuwa wancan, ana sayen mai da ruwa da kyalle. Ba na raina wanda buƙata ta kai shi nan, domin na san abin da yake ji. Amma roƙo dabam, ciniki dabam. Yesu da kansa ya koya mana mu roƙi abincin yini, saboda haka babu kunya a roƙon aiki ko lafiya ko haihuwa. Shi ɗin ne kuma, a Luka 22:42, ya roƙa a kawar masa da ƙoƙon wahala, ya ƙara da cewa ba nufinsa ba, nufin Uba za a yi, kuma ba a kawar da ƙoƙon ba. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Waliyyiya Monika, 'yar Afirka ce daga garin Tagaste a ƙasar Aljeriya ta yanzu, ta yi shekaru tana kuka a kan ɗanta Agustin, sai a shekarar 387 aka yi masa baftisma a Milan, a shekarar ce kuma ta rasu. Gyaran wannan kuskure shi ne a sake jera addu'ar yadda take a cikin "Ubanmu": sunan Allah da mulkinsa da nufinsa su zo da fari, abinci ya biyo baya. Wanda ya saba fara addu'arsa da godiya a kan abubuwa uku na ranar, ko da kuwa ya dawo gida lafiya ne kawai, zai ga roƙonsa ya canza kama.

Daga cinikin nan ne laya take shigowa. Rosarin da aka rataya a madubin mota ba a taɓa jan sa ba, da ruwan albarka da ake yayyafawa a ƙofar shago don kada abokin gaba ya yi nasara, da saƙon WhatsApp mai cewa a tura wa mutum goma kafin gobe ko masifa ta sauka, duk hanya ɗaya suke bi. Ikilisiya tana koyar da cewa jingina ikon addu'a ko na abin da aka sa wa albarka ga yin sa kawai, ba tare da halin zuciya ba, camfi ne. Ba sai an jefar da rosarin ba. A sauko da shi daga madubi a riƙa jan sa.

Wasu kuma suna daina addu'a ne saboda ba sa jin komai, suna ɗauka Allah ya juya musu baya. Wasiƙun Waliyyiya Teresa ta Kalkata da aka wallafa a 2007 sun nuna ta yi kusan shekara 50 cikin irin wannan bushewa, ba ta kuma fasa tashi addu'a da asuba ba. Jin daɗi ba shi ne ma'auni ba, saboda haka a ci gaba, a kuma gaya wa Fada halin da ake ciki.

Ma'aunin yana wurin da ba mu so a duba, wato tsakanin Litinin da Asabar. Mun iya raba Lahadi da sauran kwanaki kamar ba mutum ɗaya ne yake rayuwa a cikinsu ba. Mace za ta sa kayan Zumuntar Mata ta yi waƙa da rawa har gumi ya jiƙa ta, ta koma gida ta riƙe albashin yarinyar da aka kawo mata daga ƙauye wata uku, alhali wasiƙar Yaƙub 5:4 ta ce hakkin ma'aikaci da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Namiji zai amsa addu'ar yaƙi da cin hanci da rashawa da bishof-bishof ɗinmu suka tsara, ran Litinin kuma ya miƙa hannu a bakin ofis, ko ya jera manyan tumatir a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. A gidan haya inda ɗaki yake kallon ɗaki, mutum biyu za su yi shekara ba sa gaisawa saboda kuɗin wuta ko layin famfo, kuma dukansu suna zuwa karɓar Jikin Kristi, ko da yake Matiyu 5:23-24 ya ce a bar baiko a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Maganin da na sani shi ne binciken zuciya na dare, irin wanda Waliyyi Ignatiyus na Loyola ya koyar: minti biyar kafin barci, a gode, a bi ranar daga safe zuwa dare, a ga inda aka yi ƙarya ko aka ci hakkin wani ko aka wulaƙanta yaron mota, a nemi gafara, a zaɓi abu ɗaya da za a gyara gobe. Abu ɗaya, ba goma ba, kuma ya zama mai suna, kamar "gobe zan biya ta kuɗinta".

Wanda yake wannan bincike ba zai sha wahalar furta zunubansa ga Fada ba. Dokar Ikilisiya ta ce a furta manyan zunubai aƙalla sau ɗaya a shekara, amma mutane da yawa sun ɗauki mafi ƙanƙantar doka ta zama iyakarsu, suna jiran makon da ke gaban Ista lokacin da layi ya kai waje. Wasu ma harshe ne yake hana su, suna cewa ba su iya Turanci ko Yarabanci ba. Fada ba jarrabawar nahawu yake yi ba, kuma Turancin kasuwa ya isa.

Maganar harshe ita ce ta kai ni ga Misar Lahadi. Na san 'yan'uwa da suke zama a gida idan ba ranar da ake yin Misa ko taro da Hausa ba ce, wasu kuma suna tafiya mai nisa don neman ta har kuɗin mota ya gagara su daina gaba ɗaya. Ba na musun daɗin jin waƙa da harshen da aka raine ka da shi, ni ma hawaye yakan zo mini. Amma Misar da ake yi a Holy Cross Cathedral a tsibirin Legas, da wadda ake yi a ƙaramin cocin bayan layinku, da wadda ake yi a ƙauyenku, hadaya ɗaya ce, kuma karatun ranar ɗaya ne. Mutum yana iya karanta su da Hausa a gida daren Asabar, ya je cocin da ya fi kusa da shi ya bi komai. Wanda aikinsa na gadi ko tuƙi ko asibiti yake cin safiyar Lahadi ya tambaya a Ikilisiyarsa ko akwai Misar yammacin Lahadi, ko ta yammacin Asabar, domin dokar Ikilisiya ta yarda wadda aka halarta da yammacin ranar da ta gabata ta cika wajibin. Idan mai gida ba ya sakin mutum ko ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, to ya kai maganar gaban Fadan Ikilisiyarsa, domin shi yana da ikon sauƙaƙa masa wajibin ko ya musanya masa shi da wani aikin ibada.