Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen karanta kasafin kuɗin ƙasa

Duk shekara da zarar shugaban ƙasa ya ajiye akwatin kasafi a gaban majalisa sai masu sharhi su fito, kowa da hoton shafi ɗaya da ya ɗauka a waya, wani ko kanun takardar bai duba ba. Na gaji da gyara abu ɗaya kullum, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Babba a cikinsu shi ne ɗaukar cewa duk abin da aka rubuta a kasafi kuɗi ne a hannu. Wallahi ba haka ba ne. Dokar kasafi izini ce majalisa ta ba ɓangaren zartarwa, cewa kuna iya kashe har kaza a kan abu kaza, kada ku wuce. Kuɗin kuwa sai an tara su tukuna daga haraji da kwastam ko a ciyo bashi, sannan ma'aikatar kuɗi ta amince a saki, sannan ofishin akanta janar ya tura. Ni wannan kuskuren ya taɓa cin mutuncina. Na ga an ware miliyoyi don gina wata cibiyar lafiya, shekara ta ƙare na je wurin na tarar ko harsashi ba a haƙa ba, ciyawa ce kawai sai allon sanarwa da rana ta cinye rubutunsa. Raina ya ɓaci, na dawo na rubuta cewa shugaban hukumar da ke kula da aikin ya yi sama da faɗi da kuɗin, mutane suka yi ta yaɗawa. Kwana uku sai ga takardu ya aiko min, ashe ko sisin kwabo ba a sakar masa ba na wannan aikin. Na janye maganar na ba shi haƙuri, amma waɗanda suka karanta zargin sun fi waɗanda suka ga janyewar yawa nesa ba kusa ba, kuma har yau haƙƙin bawan Allahn nan yana damuna.

Tun daga lokacin ba na buɗe baki sai na ja layi uku a takarda: abin da aka ware, abin da aka saki, abin da aka kashe. In layi na biyu babu komai to tambayata ma'aikatar kuɗi za ta nufa. In an saki ba a yi aiki ba, nan ne ake kama shugaban hukuma. A Najeriya ofishin kasafi na tarayya yana fitar da rahoton aiwatarwa na kowane wata uku, akwai kuma rahoton odita janar da ke zuwa gaban kwamitin binciken asusun gwamnati. Sukan makara, amma dai gara ka jira su da ka ɗauki alhakin wani.

Na biyu, dan Allah ku daina karanto mana daftari kuna cewa doka. Abin da shugaban ƙasa ya kai roƙo ne. Majalisun biyu za su yi muhawara, a raba wa kwamitoci, ministoci da shugabannin hukumomi su zo kare kasafi, kwamitin kasafi ya tattara, in adadin Majalisar Dattawa ya bambanta da na Wakilai a zauna a daidaita, sai a mayar a sa hannu. A wannan tafiyar ake ƙari da ragi, a nan ayyukan mazaɓu ke shiga, a nan ma rigimar cushe ta 2016 ta taso. Kasafin Najeriya na 2024 ya shiga majalisa yana naira tiriliyan 27.5 ya fito yana 28.7 da ɗoriya. Haba, mutum ya yi ta faɗa a kan lambar da ta riga ta canza tun watanni, an nuna masa kuma ya ce ai shi a jarida ya gani! Ka nemo kwafin da aka sa wa hannu. Kuma in shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu cikin kwana 30 maganar ba ta mutu ba, majalisun biyu na iya zaman haɗin gwiwa su zartar da kashi biyu bisa uku.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ɗauka ko'ina shekarar kuɗi Janairu take farawa, ta Amurka 1 ga Oktoba ce. Najeriya ma ta daɗe kasafinta na kaiwa tsakiyar shekara, na 2018 sai Yuni aka sa masa hannu, sai a Disambar 2019 Buhari ya sa hannu a na 2020 kafin shekarar ta shiga.

Jimillar kasafi ba ita ce abin da ake ciniki a kai ba, ka fara cire biyan bashi da albashi da fansho da kason da doka ta wajabta kamar na ɓangaren shari'a da hukumar zaɓe. A Amurka kudirorin kasafi 12 da majalisa ke yi duk shekara kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai suke ɗauka na abin da gwamnati ke kashewa.

Makarar kasafi ma ba hukunci ɗaya gare ta ba. Amurka in ba a yi dokar wucin gadi ba ofisoshi rufewa suke, kamar kwana 35 da aka yi daga Disambar 2018 zuwa Janairun 2019. A Najeriya sashe na 82 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashewa har wata shida bisa ma'aunin bara.

Sai masu murnar kasafin bana ya fi na bara. Ni sai na duba hauhawar farashi tukuna, in kuma leƙa ko an yi ƙwarya-ƙwaryar kasafi a tsakiyar shekarar da ta wuce, don sau da yawa ana mantawa a haɗa shi cikin lissafin bara.