Yadda Ake Rubuta Tarihin Rayuwa da Hidimar Bishop

Duk lokacin da wani bishop na cocin Angilikan ya kusa yin ritaya, akan kafa kwamiti a ɗora masa alhakin fitar da ɗan littafin tarihinsa, kuma sau da yawa abin da ke fitowa bai wuce kirari da hotuna ba. Wanda wannan aiki ya faɗo a kansa a Jos, ga hanyar da nake ganin ta fi dacewa ya bi.

Da farko ya je ofishin dayosis, wato yankin majami'un da bishop ke kula da su, ya gaida Baba Bishop, ya bayyana masa manufarsa, domin babu mai buɗe masa rajista sai da yardar mai gida.

Daga nan sai ya tantance ranaku, don a nan ne marubuta suka fi yin tuntuɓe. Ranar da aka naɗa mutum dikin, wato matakin farko na limanci, daban take da ranar da ya zama firist, wato cikakken limami, haka kuma ranar da taron bishop-bishop ya zaɓe shi daban take da ranar keɓewa, wato ranar da aka ɗora masa hannu ya zama bishop, da kuma ranar da aka zaunar da shi a kujerarsa a babbar majami'a, wadda a Jos ita ce St. Luke's. Ya kuma rubuta sunayen waɗanda suka ɗora masa hannu, domin tun babban taron bishop-bishop da aka yi a Nikiya a shekarar 325 ƙa'ida ita ce bishop uku aƙalla su halarci keɓewar. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Samuel Seabury, bishop na farko na cocin Episkofal ta Amurka, sai da ya tafi Aberdeen ta ƙasar Sikotland aka keɓe shi a 1784, saboda a Ingila doka ta wajabta masa rantsuwar biyayya ga sarki, shi kuwa ƙasarsa ta riga ta ɓalle daga mulkin Ingila. Shekara tamanin bayan haka, a 1864, aka keɓe Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama bishop a cocin Angilikan, a Canterbury ta Ingila. Shi ma bishop na Jos da ake rubuta tarihinsa a sanya shi cikin jerin magabatansa tun kafuwar dayosis ɗin a 1980. Misali, an keɓe Benjamin Kwashi bishop na Jos a 1992, ya riƙe kujerar fiye da shekara talatin.

Amma ainihin hidimar tana cikin tsofaffin littattafan da ƙura ta rufe a ɗakunan ajiya na majami'u. Rajistar tabbatarwa, wato ibadar da bishop ke ɗora wa waɗanda aka yi wa baftisma hannu don tabbatar da bangaskiyarsu, za ta nuna ƙauyen da bishop ya je, da ranar, da adadin waɗanda ya ɗora wa hannu. Littafin masu wa'azi kuwa zai nuna ayar da ya yi magana a kanta. Idan marubuci ya jera waɗannan shekara bayan shekara, zai gane da kansa ko makiyayin yakan shiga lungu da damina ko kuwa ya fi zama a birni, ba sai wani ya faɗa masa ba. Ya haɗa da jawaban da bishop yake karantawa a taron sinod, wato babban taron dayosis, domin a cikinsu ne ake jin abin da ke damunsa a kowane zamani, musamman shekarun 2001, 2008 da 2010 da rikici ya girgiza Jos.

Bayan takardu sai baki. Manyan limamai za su yi magana da taka tsantsan, shi ya sa na fi son a zauna da katikis na ƙauye, wato malamin da ke koyar da addini a majami'a, da direban da ya sha hanya da shi, da shugabannin zumuntar mata, sannan a nemi Mama, matar bishop, wadda ita ce ke jagorantar ƙungiyoyin mata na dayosis. Idan da hali a ji ta bakin maƙwabta Musulmi da masu unguwa. Kowace hira a naɗe ta a waya da izinin mai magana, kuma duk labarin da mutum ɗaya kaɗai ya bayar a ajiye shi gefe har a sami na biyu.

Idan rubutu ya kammala, a kai wa Baba Bishop ya duba ranaku da sunaye, amma a roƙe shi cikin ladabi ya bar wuraren da aka ambaci saɓani yadda suke. A ajiye kwafi ɗaya tare da muryoyin da aka naɗa a ofishin dayosis, wani kuma a ɗakin karatu na makarantar horar da limamai.