Yadda ake datse lamba a lissafi, da yadda banki ke datse tafiyar caki

A ce ku shida ne kuka haɗa jari a Kasuwar Barci, riba ta tashi naira 100,000. Ka danna kalkuleta, sai ta ba ka 16,666.6666, shida na bin shida har ƙarshen allo.

Fara da sanin inda za ka tsaya. A kuɗinmu lamba biyu ce bayan ɗigo, tunda kobo ɗari ke yin naira. Ja layi bayan ta biyun, ka zubar da duk abin da ya biyo, komai girmansa. Rabon kowa ya zama 16,666.66.

Wani zai ce a cike shi zuwa 16,666.67. To ninka wannan sau shida: 100,000.02, wato an raba kobo 2 da babu su a asusu. Wanda ya datse kuwa ya biya 99,999.96, saura kobo 4. A wajen rabo na fi yarda da datsewa, don ba ta fitar da abin da babu. Amma ka rubuta ragowar a littafi, haƙƙin mutane ne ko da kobo ne. Kuma kada ka datse a tsakiyar lissafi, bari sai amsar ƙarshe, in ba haka ba giɓin zai yi ta taruwa. Mai aiki da Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ya rubuta =TRUNC(100000/6,2).

A banki kuwa, tafiyar takarda ake datsewa. Da can sai cakin da kansa ya isa bankin da zai biya. Babban Bankin Najeriya ya fara sabon tsari a Legas a 2012, ya game ƙasa a 2013: reshen da ka kai wa, a ce a Titin Ahmadu Bello, zai ɗauki hoton cakin gaba da baya ya tura wa bankin da zai biya ta hanyar NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya wajen biyan kuɗi a tsakaninsu, takardar ta zauna wurinsa.

Tunda hoto za a duba, yi rubutu da biro mai kauri, baƙi ko shuɗi. Adadin da ka rubuta da kalmomi ya dace da na lambobi. Lambobin nan da ke jere a ƙasan cakin su na'ura ke karantawa, saboda haka kada sa hannu ko hatimi ya hau kansu, kada kuma a naɗe takardar ta wurin. In kuɗin ya wuce naira miliyan 10, caki ba ya ɗauka, sai dai a yi taransifa.