Yadda na hana fenti koɗewa a farar riga

Fararen ti-shat uku na sayo, na yanke sunan 'yata a kwali, na shafa fentin yadi da soso. Fentin ya ratsa har bayan rigar, wanki ɗaya kuma rubutun ya koɗe. Haushi kamar in yi kuka.

Ashe sitacin sabuwar riga ne ke hana fenti kama zare. Ta biyu sai da na wanke ta ta bushe, na cusa kwali a cikinta, na riƙa dangwala soson kaɗan-kaɗan. Bayan awa 24 na juya ta baibai, na goge wurin da dutsen guga mai zafi minti 4, ban yayyafa ruwa ba. Wanki biyar ke nan, sunan na nan daram. Ta farkon dai ta koma tsumman goge tebur.